Karanta Adabi Da Idon Muhalli: Daga Jarwal Zuwa Jakara

Duk alhajin ƙasar Hausa da ya taɓa sauka a Makka, da wuya a ce bai ji sunan Jarwal ba. Unguwa ce da ke arewa maso yamma da Masallacin Harami, ba ta da nisa ga mai tafiya a ƙasa, kuma tun zamanin da ake zuwa Hajji da ƙafa da raƙuma mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda Larabawa ke kira Takarir, suka yi kaka-gida a cikinta da kuma a unguwar Misfala. A nan ne barikin sojan Turkawa yake, wanda ya miƙa wuya ga Sharif Husaini cikin watan Yuli na shekara ta 1916. A nan ne kuma wata tsohuwar rijiya take, Bi'ir Ɗuwa, wadda ta ci sunan kwarin da aka haƙa ta a ciki, watau Zu Ɗuwa. Littattafan hadisi sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan kwana a wannan kwari, ya yi wanka da safe, sa'an nan ya shiga Makka da rana, yana mai cewa haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi.

To, almajirin da ya karanta wannan ruwaya a zauren malaminsa a Kano ko a Maraɗi, in ya rufe ido kwari zai gani, da rairayi, da duwatsu dama da hauni, da matafiyi ya durƙusar da raƙuminsa a bakin ruwa. In Allah ya kai shi Jarwal, kwalta zai tarar, da benaye, da tashar motocin alhazai, da ɗan gini da aka yi a kan rijiyar. Tun daga shekara ta 2008, sa'ad da aka soma faɗaɗa Harami ta wajen arewa, an rushe unguwar Shamiyya, rusau ya kuma ci wani sashe na Jarwal. Kwarin ya ɓace wa ido, amma yana nan cikin littafi. Wannan tazara da ke tsakanin wurin da aka rubuta da wurin da ake gani, ita ce filin aikin wani fannin ilmi da ya shiga jami'o'in duniya cikin shekaru hamsin ɗin nan, watau nazarin adabi ta fuskar muhalli.

Ɗalibin Hausa a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ya saba da hanyar feɗe waƙa da shaihunan malamai irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau suka shimfiɗa: a nemo jigo, a warware shi, a duba zubi da tsari, a auna salo da sarrafa harshe. A bisa wannan hanya, in mawaƙi ya ambaci gawo ko giwa ko gulbi, galibi a ƙarƙashin salo ake sa su, a ce kamance ne, ko siffantawa, ko alamtarwa. Giwa sarki ce, gulbi mai kyauta ne, shi ke nan. Sabon fannin bai ƙaryata wannan ba, sai dai ya ƙara wata tambaya a kai. Yana cewa, kafin giwa ta zama sarki ai giwa ce. A ina mawaƙin ya san ta? Masu sauraronsa sun taɓa ganinta? Yaushe ta bar ƙasar, me kuma ya kore ta? Watau dai a daina ɗaukar ƙasa da ruwa da dabbobi tamkar shimfiɗar da mutane ke wasa a kanta, a ɗauke su tamkar shaidu waɗanda su ma suna da abin faɗi.

A Amurka aka raɗa wa fannin suna. Wani malami, William Rueckert, shi ya fara amfani da kalmar cikin wata maƙala a shekara ta 1978, amma sai da aka yi shekara goma sha biyu kafin wata jami'a ta ɗauki malami musamman don wannan aiki, sa'ad da Jami'ar Nevada da ke Reno ta naɗa Cheryll Glotfelty a shekara ta 1990. An kafa ƙungiyar masu wannan nazari a 1992, sa'an nan littattafan da suka zama ginshiƙi suka biyo baya, na Lawrence Buell a 1995, da kundin da Glotfelty da Harold Fromm suka tattara a 1996. A Ingila kuwa Jonathan Bate ya sake karanta waƙoƙin Wordsworth da wannan ido a 1991. Larabawa suna ce da fannin annaƙdul bi'i.

Masu wannan yunƙuri na farko suna da wata aƙida da ta dace da ƙasarsu. Abin da ya fi burge su shi ne ƙungurmin daji wanda babu kowa a ciki, inda mutum zai kaɗaita kamar yadda Henry Thoreau ya yi a bakin tafkin Walden, ya rubuta littafinsa na 1854. Masana daga Indiya da Afirka ba su daɗe ba suka ce wannan riga ba ta shige su ba. Dajin da Ba'amurke ke gani babu kowa, a wasu ƙasashe gonar wani ce, ko makiyayar wani, ko maƙabartar kakanninsa. A shekara ta 2011 Rob Nixon, haifaffen Afirka ta Kudu, ya fito da littafin da ya karkata fannin zuwa ga talakawa, ya yi bayanin irin cutar da ba ta zuwa da ƙara ko hayaƙi, sai dai ta ci mutane sannu a hankali, kamar gubar da ke tsiyaya cikin rafi, ko rijiyar da ke ƙara zurfi kowace shekara. Daga nan ne fannin ya zama abin da mutumin Jarwal ko na Fagge zai iya amfana da shi.

Makka kuwa, in ana neman garin da rubutunsa ba ya rabuwa da muhallinsa, da wuya a sami kamarta. Alƙur'ani mai girma, cikin Suratu Ibrahim, ya siffanta wurin da cewa kwari ne da ba a shuka a cikinsa. Ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 100 da 'yan kai ba, alhali Kano takan sami fiye da 800. Amma ɗan ruwan nan a kan duwatsu yake sauka, ba ƙasar da za ta shanye shi, sai ya taru ya gangaro cikin kwarin da ƙarfi, Ka'aba kuwa a ƙasan kwarin take. Saboda haka tarihin garin tarihin ƙishirwa ne da ambaliya. Azraƙi, wanda ya rubuta Akhbaru Makka a ƙarni na 9, ya keɓe babi don rijiyoyin garin, ya kuma jera ambaliyoyin da aka yi kowace da sunanta, kamar ta Ummu Nahshal a zamanin Halifa Umar, da ta Juhaf a shekara ta 80 bayan Hijira. Ambaliyar 1630 ta rushe bangayen Ka'aba har aka sake gina ta a zamanin Sarkin Musulmi Murad na Huɗu. A ta 1941 an ɗauki hoton masu ɗawafi suna iyo. Magudanar da Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka gina daga kwarin Nu'uman ta shayar da alhazai fiye da shekara dubu, kafin a koma dogaro da ruwan Bahar Maliya da ake tacewa a Shu'aiba. An saba karanta Azraƙi don sanin tarihin ibada. Mai nazari ta fuskar muhalli zai karanta shi don ya ga yadda mutane suka zauna da kwari mai kashe su da ƙishi yau, gobe ya ci su da ruwa.

Har wa yau Harami na daga cikin tsofaffin wuraren da doka ta kare tsiro da dabba. Ba a sare itacensa, ba a firgita naman dajinsa. Abin sha'awa a nan shi ne togaciyar da aka yi. Abbas ya roƙi a ƙyale ciyawar izhir, domin mutanen Makka ba su da makawa daga gare ta wajen rufin ɗakunansu da kaburburansu, aka kuwa ƙyale ta. Izhir ɗin nan ciyawa ce mai ƙanshi, dangin wadda Bahaushe ke kira nobe. Cikin wannan ɗan labari akwai dukan gardamar da masana suka shafe shekaru suna yi: ana kare muhalli, amma ba a mance da buƙatar matalaucin da ke zaune a cikinsa ba.

In aka koma ga waƙa, ɗalibin Kwalejin Harshen Larabci a Jami'ar Ummul Ƙura, wadda aka kafa a Makka a 1981 a kan harsashin Kwalejin Shari'a ta 1949, da almajirin zaure a Sakkwato mai karatun Shu'ara, littafi ɗaya ne a gabansu. Mawaƙan Jahiliyya sukan buɗe baitocinsu da tsayawa a kan kufai, inda masoyiya da danginta suka yi zango suka tashi. Malaman balaga sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin al'adar buɗe waƙa. Amma me ya tashe su daga zangon? Ciyawa ce ta ƙare, ruwa ya janye, dole kowace kabila ta koma rijiyarta. Rabuwar masoya a cikin waɗannan waƙoƙi damina da rani ne suka hukunta ta. Imru'ul Ƙaisi ya rufe shahararriyar waƙarsa da siffanta hadari da ambaliyar da ta tumɓuke itatuwa ta nutsar da namun daji. Labidu ya cika tasa da jakin jeji da mariri. Su da takwarorinsu sun siffanta jimina filla-filla, kamar waɗanda suka kwana suka tashi da ita. To, jiminar Larabawa ta ƙare ƙaf a tsakiyar ƙarni na 20, bayan da bindiga da mota suka shiga hamada. Mariri ma an kashe na ƙarshe a jeji a 1972, sai daga waɗanda aka kiwata a gidajen dabbobi aka mai da shi, a Oman a 1982, sa'an nan a gandun Mahazatus Said da ke gabas da Ɗa'ifa a 1990. Ɗalibin yau yana haddace sunayen dabbobin da kakansa ya farauta, yana neman ma'anarsu a ƙamus.

Marubutan zamani sun ɗauki zancen daga inda ya tsaya. Abdurrahman Munif, wanda ya yi ilmin tattalin arzikin man fetur kafin ya koma ƙagaggen labari, ya soma fitar da Mudunul Milh, watau Biranen Gishiri, a 1984. Littafin ya buɗe da wani dausayi mai suna Wadil Uyun, wanda injunan masu neman mai suka tuge dabinansa. An hana shi shiga Saudiyya sa'ad da ya fito, amma a jami'o'in duniya ya zama abin da ake fara karantawa in ana zancen adabin man fetur. Wanda ya fi kusa da Jarwal shi ne na Raja Alim, 'yar Makka, mai suna Ɗauƙul Hamam, wanda ya ci babbar kyautar ƙagaggen labarin Larabci a 2011 tare da na Muhammad Ash'ari na Maroko. Dabarar da ta yi ita ce ta ba wani lungu na tsohuwar Makka baki, lungun da kansa yake ba da labarin mazaunansa alhali rusau na matsowa. Ga kuma Maimuna na Mahmud Tarawri, marubuci ɗan Saudiyya mai asali da Afirka ta Yamma, wanda ya bi sawun waɗanda suka taso daga ƙasashen baƙar fata suka zauna a Hijaz. Waɗannan littattafai sun nuna cewa muhalli ba lalle sai daji ba. Lungu ma muhalli ne, da inuwarsa, da magudanarsa, da tantabarunsa.

Su kuwa Hausawan Jarwal, kakanninsu sun ratso wata ƙasa da ita ma ta sauya. Hanyar ƙasa ta bi ta Borno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin a bakin teku, tafiyar da kan ci shekaru, ana noma a wannan zango a sami guzurin na gaba. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a masu yawa suka bi wannan hanya, wasu suka tsaya a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Tafkin Chadi da suka kewaya ya kai murabba'in kilomita kamar 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Abin da suka iya ɗaukowa bai wuce abin da kai zai ɗauka ba, amma sun zo da tatsuniyoyi da karin magana da waƙoƙin daka da na reno. Yaron da aka haifa a kwarin da ba a shuka, kakarsa tana ba shi labarin Gizo a gonar gauta, da kura a gindin tsamiya, da marka, da hunturu. Wace ma'ana kalmar fadama take da ita a kunnensa? Wannan tambaya ce ta nazarin adabi tsantsa, ta kuma cancanci kundin digiri.

Ba a kuma bukatar zuwa Makka kafin a ga irin wannan ɓacewa. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci wani kurmi mai duhu a Jakara, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa, mutanen Dala suna jin tsoronsa suna girmama shi. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar da har yanzu ake kira Kurmi. Sunan ya zauna, itatuwan sun tafi, Jakara kuwa ta zama magudanar dattin birni, daga baya kuma ruwan masana'antun Bompai yake haɗuwa da ita. Kududdufan da suka riƙa shanye ruwan damina a cikin ganuwa an cike da yawansu an yi gini. Haka nan tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 cike suke da zaki da ɓauna da giwa, dabbobin da yaron Kano na yau sai a gidan zu yake ganinsu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ana karanta shi don bauta da tarbiyya, amma guguwar rairayin da ta binne ayari a Sahara ita ce ta juya labarin. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na wannan shekara, duk barkwancinsa, doguwar tafiya ce ta neman ruwan da ke warkarwa.

Akwai kuma adabin da bai shiga littafi ba sai a bakin tsofaffi, watau sunayen da talakawa suka raɗa wa shekarun yunwa: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Michael Watts ya yi amfani da su cikin littafinsa na 1983 a kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya nuna cewa rashin ruwa kaɗai ba ya kashe mutane, sai ya haɗu da haraji da tsadar hatsi da bashi. Kowane suna a cikinsu gajeren labari ne. Waƙoƙin noma irin na Ɗan Anace su ma taska ce ta sanin ƙasa, da irin hatsi, da lokutan huɗa da maimai. Duk da haka, in aka duba abin da aka rubuta a kan adabin Nijeriya da muhalli, mafi yawansa a kan yankin Neja Delta yake: Ken Saro-Wiwa da aka rataye a 1995, da waƙoƙin Tanure Ojaide, da littafin Helon Habila na 2010 a kan malalar mai. Dalili a fili yake, domin da Turanci aka rubuta su, wutar gas kuwa ana ganinta daga nesa. Hamada ba ta ƙara in tana tafe, abin da aka faɗa a kanta kuma da Hausa da Fulatanci da Barbarci aka faɗe shi.

Sai dai fannin yana da ramukan da ɗalibi kan faɗa. Na farko, mawaƙi ba ma'aunin ruwan sama ba ne. In ya ce gulbi ya cika ya batse, wataƙila ya gani da idonsa, wataƙila kuma daga bakin ubangidansa ya gaji maganar. Zakin da ke cikin kirarin sarki yana iya daɗewa shekara ɗari bayan zakin dajin ya ƙare. Wanda ya ɗauki kowane baiti a matsayin hujja ba tare da ya gwada shi da bayanan masu binciken ƙasa da tsofaffin taswirori ba, zai gina rumbu a kan toka. Na biyu, akwai jarabar mai da mutanen da waliyyan muhalli. Su ma sun sare daji, sun ƙona shi don farauta, maƙera sun cinye itatuwa wajen yin gawayi, waƙoƙin maharba kuwa yabon mai kisa suke yi. Na uku shi ne kuka a kan komai. Ba kowane sauyi ne asara ba. Itatuwan darbejiya dubbai da ke ba alhazai inuwa a Arfa dasa su aka yi, asalinsu kuwa Indiya, kamar yadda waɗanda suka cika titunan Maiduguri da Katsina baƙi ne da aka shigo da su a ƙarni na 20. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun rayar da miliyoyin itatuwa tun daga tsakiyar shekarun 1980, ta hanyar barin kututturan gawo da sauransu su sake toho a gona. Faɗaɗa Harami ma buƙatar miliyoyin alhazai ce ta kawo shi. Aikin manazarci shi ne ya nuna abin da aka samu da abin da aka biya, da wanda ya biya.

Akwai kuma ƙorafin tsofaffin malamai, wanda ba a raina shi ba, cewa in aka sa wa waƙa ido don neman itace da tsuntsu, sai a manta da karinta da amsa-amonta, ta koma takardar shaida kurum. Maganin wannan shi ne fannin ya zauna tare da tsohuwar hanyar feɗe waƙa, kada ya kore ta. Ɗalibin da ya san gawo yana kaɗe ganyensa da damina ya yi kore da rani, shi zai fi jin daɗin baitin da aka kamanta wani mutum da gawo, domin ya gane abin da ake nufi: mai saɓa wa jama'a, ko kuwa mai amfani a lokacin da kowa ya gaza.

A aikin Hajjin shekara ta 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya kuma suka ba da sanarwar rasuwar alhazai 1,301, galibinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da matsuguni ba. Waƙoƙin begen Makka da Madina, na Larabci da na ajami, tun daga Daliyar Shehu Usmanu har zuwa na sha'irai masu rerawa a yau, sun saba ambaton wahalar hanya a matsayin ma'aunin ƙauna. Masu binciken yanayi sun yi gargaɗin cewa sa'ad da Hajji ya sake zagayowa tsakiyar bazara, wajen shekarun 2050, zafin zai fi na yanzu haɗari. Ɗaliban da ke ajin farko a jami'a a yau, su ne za su zama shaihunan malamai a lokacin, su ne kuma za su karanta abin da alhazan wannan zamani suka rera.